Ƙungiyoyin besbol na Amurka sun iya lissafin darajar kowa, ban da ta masu yi musu lissafin

Mai bin gasar Firimiyar Ingila ya saba jin cewa Liverpool ko Brentford na da wasu mutane a bayan fage waɗanda ba su taɓa taka leda ba, aikinsu zama gaban kwamfuta suna tace alƙaluma, su ce a sayi wane, a ƙyale wane. Sana'ar nan a wasan besbol na Amurka ta yi wayo kafin ta tsallako teku, wato wasan da ake jefo wa mutum ƙwallo ya make ta da sanda ya zura da gudu. John Henry, wanda kamfaninsa ya sayi Liverpool a 2010, shi ne dai mai ƙungiyar besbol ta Boston Red Sox. To can inda sana'ar ta girma akwai maganar da masu ƙungiyoyi ba su cika son a tayar ba: nawa ake biyan yaran da ke yin aikin?

Mutumin da ake kallo a matsayin uban wannan fanni, Bill James, gadin dare yake yi a wata masana'antar zuba wake a gwangwani da ke garin Lawrence na jihar Kansas lokacin da ya fara buga lissafe-lissafensa da kuɗin aljihunsa a 1977. An daɗe ana masa kallon mai surutu, sai a 2002 Red Sox ta ɗauke shi mai ba da shawara. A wannan shekarar ce Oakland Athletics, ƙarƙashin babban manajanta Billy Beane, ta ci wasa 103, daidai da New York Yankees, alhali abin da ta kashe kan albashin 'yan wasa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da Yankees ta kashe ba. Dabarar ba wata boyayya ba ce: ka nemo abin da kasuwa ta raina, ka saye shi da araha kafin mutane su farga.

Darasin ya shiga, har ya wuce inda aka nufa. A ganina masu ƙungiyoyi sun gano cewa abin da ya fi araha a kasuwar nan ba wani ɗan wasa ba ne, yaro ne mai shekara 23 da digiri a lissafi, wanda son besbol ya riga ya gama da shi tun yana ƙarami.

Kada wani ya ce rashin kuɗi ne. Ƙungiyoyi 30 na babbar gasar MLB sun tara sama da dala biliyan 11 a 2023. A ƙarshen shekarar Los Angeles Dodgers ta ba Shohei Ohtani kwantiragin dala miliyan 700, bayan shekara ɗaya New York Mets ta ba Juan Soto na miliyan 765. Kafin a sa hannu kan irin waɗannan takardu sai an bi ta kan teburin masu alƙaluma. Tun 2015 kowane filin wasa na gasar ke da na'urorin Statcast masu auna gudun ƙwallo, juyinta a iska, da takun kowane ɗan wasa, kuma wannan tulin bayanai ba ya fassara kansa. Mai shakkar darajar aikin ya tuna da Chris Correa, babban jami'in St. Louis Cardinals da ya yi kutse cikin rumbun bayanan Houston Astros. A 2016 kotu ta ɗaure shi wata 46, daga baya hukumar gasar ta sa ƙungiyarsa ta biya Astros dala miliyan 2. Ba a ɗaure mutum kusan shekara huɗu kan satar abin banza.

Yanzu dubi ƙofar shiga. Duk watan Disamba manyan jami'an ƙungiyoyi kan yi taronsu na shekara a wani katafaren otal, sai ka ga matasa sun cika harabar, kowa ya sha kwat, riƙe da takardunsa, yana ƙyalla ido ko zai ga wanda zai ba shi minti biyar. Kuɗin jirgi da na masauki daga aljihunsa. Tallar aikin takan ce ana son wanda ya iya harsunan kwamfuta irin su Python da R da SQL, kuma kafin a kira shi ganawa galibi sai an ba shi wani aikin gwaji ya yi a gida kyauta. In ya yi sa'a, abin da zai samu sau da yawa gurbin ɗan koyo ne na kaka ɗaya ko shekara ɗaya, ana biya da awa, babu alkawarin komai bayan nan. Kakar kuwa wasa 162 ce, kusan kullum daga farkon bazara har ƙarshen Satumba, yawancinsu da dare. 'Yan kallo sun watse, an kashe fitilun fili, shi yana can ƙuryar wani ɗaki yana bin hoton bidiyo jifa bayan jifa, don kafin koci ya iso gobe rahoton masu jifan abokan hamayya na kan teburinsa. Abokin karatunsa da ya shiga banki ko kamfanin fasaha ya yi masa nisa a albashi tun watan farko, kuma yana hutun Asabar da Lahadi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Akwai amsar da ake bayarwa, kuma ba ta wofi ba ce. Ana cewa ai ba wanda ya ɗaure su. Duk gurbi ɗaya ɗaruruwa ke rububinsa, wanda kuma ya gaji, ilimin da ke kansa zai sama masa aiki mai tsoka gobe. Wasu ma sun hau ta wannan tsani har sama: Farhan Zaidi, mai digirin digirgir a tattalin arziki, daga ƙasa ya fara a Oakland har ya zama shugaban harkokin wasa na San Francisco Giants a 2018. Na yarda ba za a jera mai digiri a lissafi da leburan da ba shi da mafita ba.

Inda na rabu da masu wannan amsa shi ne, suna ƙirga waɗanda suka shiga ne kawai, ba sa ƙirga waɗanda suka tsaya a bakin ƙofa suka juya. Wa zai iya zama a New York ko San Francisco ko Boston shekara biyu kan albashin ɗan koyo? Wanda iyayensa za su biya masa haya. Wanda ya fito da bashin karatu a wuya, ko yake da ƙanne da uwa da ke jiran ɗan abin da zai aiko, tun a takardar talla ya san ba da shi ake ba. Ƙaramin albashi a nan ba rowa kaɗai ba ce, rariya ce. A 2020 tashar ESPN ta yi ƙidaya ta gano cewa kashi 43 cikin 100 na masu jan ragamar harkokin wasa a ƙungiyoyin sun fito ne daga jami'o'in nan takwas na 'yan gata, irin su Harvard da Yale, alhali a 2001 kashi 3 ne kacal. Mace kuwa sai a ƙarshen 2020 ta fara riƙe muƙamin babban manaja, lokacin da Miami Marlins ta naɗa Kim Ng. Da yau ne wani mai gadin dare a Kansas ya aiko da takardar neman aiki, ina shakkar ko za a buɗe ta.

Sannan maganar "kasuwa ce ta yanke" tana buƙatar a duba wace irin kasuwa ce. Masu ɗaukan aiki 30 ne, dukkansu ƙarƙashin hukuma ɗaya, kuma tun 1922 Kotun Ƙolin Amurka ta keɓe besbol daga dokar da ta hana 'yan kasuwa haɗa baki. Da masu farautar 'yan wasa, wato ma'aikatan da ke yawo gari-gari suna neman yara masu baiwa, suka kai ƙara cewa ƙungiyoyi na danne musu albashi, da wannan keɓewar aka yi watsi da ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2017. Halin ƙungiyoyin da ƙananan ma'aikata ma a rubuce yake. A 2013 ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta sa Giants ta biya kusan dala 545,000 ga ma'aikata 74 da aka tauye wa haƙƙi, shekarar da ta biyo baya Marlins ma ta biya.

Abin da ya faru da 'yan wasan ƙananan gasanni, wato na ƙasa da MLB, ya isa a yi nazari. Shekara da shekaru ana gaya musu abin da ake gaya wa masu alƙaluma yau, cewa dama aka ba ku, ku gode. A 2018 ma MLB ta samu majalisar dokoki ta cire su daga kariyar dokar mafi ƙarancin albashi ta tarayya. Amma ƙarar da suka shigar tun 2014 ta ƙare da sulhun dala miliyan 185 a 2022, a shekarar kuma suka shiga ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa. Yarjejeniyar farko a 2023 ta ɗaga mafi ƙarancin albashin matakin ƙasa daga dala 4,800 a shekara zuwa 19,800, na matakin sama daga 17,500 zuwa 35,800. Ba ƙungiyar da ta rufe saboda haka. Ashe kuɗin na nan, mai tambaya da murya ɗaya ne babu.

Masu alƙaluma ba su da ƙungiyar ƙwadago, kuma haɗa kansu zai yi wuya, don kowanne na kallon kansa a matsayin manajan gobe, ba ya son ya ɓata da na sama. Abin da ya ɗan taimaka musu doka ce daga waje: Colorado tun 2021, birnin New York tun ƙarshen 2022, jihohin California da Washington tun farkon 2023, duk sun wajabta rubuta albashi a jikin tallar aiki. Ƙungiyoyin da ke waɗannan wurare ba sa iya ɓoye adadin sai an gama jan rai. Ya kamata MLB ta mayar da wannan ƙa'ida kan ƙungiyoyi 30 baki ɗaya, ta sa ƙasan albashi ga ma'aikatan ofis kamar yadda 'yan wasa ke da nasu, a biya aikin gwajin da ake ba masu nema, a kuma daina sabunta wa mutum sunan ɗan koyo kaka bayan kaka alhali aikin cikakken ma'aikaci yake yi. Mafi ƙarancin albashin ɗan wasa ɗaya a babbar gasar ya kai dala 760,000 a 2025. Ƙungiyar da za ta ware kwatankwacin wannan ta raba wa ƙananan ma'aikatan sashen alƙalumanta goma sha biyar, kowanne zai samu ƙarin sama da dala 50,000 a shekara.