"Bai kai ba" daban, "bai wuce ba" daban

Daren jiya 'yar maƙwabcina a nan unguwar Aboabo a Kumasi, wadda ke shirin jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, ta kawo mini littafinta. An ce ta zana x ≤ 6 a layin lamba. Ta ja kibiya zuwa hagu daidai, amma ta bar da'irar kan 6 a buɗe. Na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Kawu, wani lokaci a cike, wani lokaci a bari, ni dai canka nake yi."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin yarinyar tana da kai.

A Zariya inda na yi karatu, malaminmu na lissafi in ya ga mun yi zuru, sai ya ajiye Turanci ya koma Hausa. Shi ya nuna mana cewa harshenmu ya riga ya raba wannan gardama. In aka ce kuɗi bai kai shida ba, shida ba ta ciki, sai a bar da'irar a buɗe. In aka ce bai wuce shida ba, wato x ≤ 6, shida na ciki, sai a cike ta. Shi ke nan.

Yaran zangon Kumasi kuwa Hausa suke ji a gida, Tonanci (yaren Asante) a titi, Turanci a aji. Gaskiya sun fi mu iya Turanci a lokacin da muke kamar su. Amma a ganina yawancinsu haddar alamomin suke yi, ba wanda ya taɓa haɗa musu su da maganar da suke yi kullum a kasuwa.

Na ba ta misalin WAEC, mai hedikwata a Accra, wadda Gana da Najeriya suke tarayya a cikinta. Sakamakon WASSCE, jarrabawarta ta kammala sakandare, daga A1 yake zuwa F9. Mai C6 ya samu kiredit, mai D7 bai samu ba. Na ce, to shidan tana ciki ko waje? Ta ɗauki fensir ta cike da'irar.

Lambobin ƙasa da sifili ma da bashi muka warware su. Biyu ba ta kai biyar ba, amma mai bashin sidi 2 ya fi mai bashin sidi 5 sauƙi. Shi ya sa alamar ke juyawa in an raba da irin wannan lamba. Na rubuta mata −2x > 6. Ta yi jim, ta rubuta x < −3, ta bar da'irar a buɗe, ta ce, "Kawu, ai bai kai ba."