Ku ƙyale malamin nan da tukunyar miyarsa

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Duk kun ji muryar da ke yawo a WhatsApp: an tsayar da malamin lissafi gaban abokan aikinsa ana ce masa ya mai da aji madafa, don kawai ya koya wa yara ƙididdiga da tukunyar miya. Haba jama'a! Laifin kenan?

Me bawan Allah ya ce? Ya ce in inna za ta ji gishiri, ba ta shanye tukunya, bakin ludayi ya ishe ta, amma sai ta juya miyar tukuna. Ludayin nan shi ne samfuri, wato 'yan kaɗan da ake ɗiba don a san halin duka, juyawar kuma ita ce ba kowa dama daidai ya faɗo cikin waɗanda za a tambaya. In ba a juya ba, man da ke sama za ka ɗebo ko da kwano guda ka sha. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsar mutum sama da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa takarda, da yawa daga jerin masu tarho da masu mota ta kwaso su, wato masu hali. Miya ce ba a juya ba. Yaron da ya riƙe maganar ludayi zai gane wannan nan take.

Ɗiyata tana ajin. Shekara biyu tana haddar ƙa'idoji da Faransanci, tana rerawa kamar waƙa, ka tambaye ta ma'ana ta yi shiru. Ranar da malamin ya ba su misalin fada, da gudu ta shigo gida. Samari tara na shan shayi, kowa da jika ɗaya (sefa dubu) a aljihu, sai wani alhaji ya zauna da miliyan guda. Aka haɗa aka raba goma, kowa ya tashi da sama da jika ɗari a takarda, alhali aljihun samarin bai motsa ba. "Baba, shi ya sa ake jera su a duba na tsakiya!" Na ji daɗin da ban iya faɗa.

Wai misali ba ya fitowa a jarrabawar bak, ta kammala sakandare. To haddar da ba fahimta fa, ina take kai su? Wai misali yana da iyaka. Kowa ya sani, kuma malamin bai goge ƙa'ida daga allo ba, da misalin ya kai su gare ta. Yaran nan za su shiga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, wasunsu su yi aikin ƙidayar jama'a. Gara su tafi da fahimta.

Ku je babbar kasuwa ku ga mai sayen gero, hannu yake zurawa har gindin buhu, bai yarda da na sama ba.