Balan-balan ɗin nan ba na wasan yara ba ne

Wai har an samu masu kare yaran nan na bidiyon shagalin bikin da ke ta yawo. Kowa da balan-balan a baki, ido ya juye, ɗaya ta zube kan kujera ƙawayenta na ta shewa. Kuma hujjar da ake kawo mana ita ce wai ai likitoci ma suna ba marasa lafiya iskar da yaran ke zuƙa daga balan-balan ɗin don maye, wato nitrous oxide. To sannunku da aiki, manyan likitocin Facebook.

Eh, asibiti na amfani da iskar nitrous oxide, wa ya musa? Tun 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya shaƙe ta aka cire masa haƙori. A Ingila har gobe ana ba mata masu naƙuda ita don rage raɗaɗi. Amma wadda ake ba su gauraye take, rabi ita rabi oksijin, ga ungozoma tsaye a kansu tana lura. Ta cikin balan-balan kuwa zalla ce, babu oksijin ko kaɗan. Ka cika huhunka da ita, ka kore iskar da ƙwaƙwalwarka ke rayuwa da ita. Shi ya sa ake sumewa, wani in ya faɗi ba ya tashi. Duk mai ce mini ai ta asibiti ce, ya nuna mini tukunyar oksijin a wajen fatin nan. Tana ina? Ina ungozomar? Ko DJ ne ke duba numfashinsu?

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba suman ba ne. Mayenta ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, don haka yaro sai ya yi ta ƙarawa, wannan na ƙarewa a hura wani. Ita kuma iskar tana kashe ƙarfin bitamin B12 a jiki, wanda jijiyoyi da laka ba sa zama lafiya sai da shi. Da farko tafin ƙafa da yatsu su riƙa yin zir-zir kamar ana tsira allura, sai tafiya ta koma tangaɗi, wasu har ƙafafu su shanye. Ɗan shekara ashirin! Daga nan a ce jifa ne ko shafar aljanu, a yi ta yawon gidajen masu magani, shi kuwa ya yi gum bai faɗi abin da yake zuƙa ba. Wallahi iyaye, in kun ga haka ku kai shi asibiti ku sa ya faɗa wa likita gaskiya, don in an daina an fara allurar B12 da wuri ana samun sauƙi.

Wani kuma ya ce ai masu yin kek na saye don kumbura kirim. Sholisho ma ai don faci aka yi shi, sai me? Ingila da ta fi mu cin kek ta haramta mallakar iskar don nishaɗi a Nuwamban 2023. A nan gida Buba Marwa, shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, ya ba jami'ansa umarnin dirar wa masu sayarwa tun Yulin shekarar. Ku ci gaba da cewa ta asibiti ce.

Af, manoma kada ku yi dariya. Takin zamanin da ake zabgawa a gona fiye da ƙima, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa na mayar da wani ɓangarensa wannan iskar dai, kuma wajen riƙe zafin duniya ta ninka hayaƙin kabon kusan sau 270. Ko da yake da kuɗin buhun yuriya na bana, ban ga wanda zai zabga fiye da ƙima ba.