Mu ne muke yi wa 'yan damfarar “ƙungiyar asiri” talla

Wata ranar Alhamis, bayan an watse daga kasuwar Maigatari, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure bayan isha'i. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi tashi. Can ya miƙo mini wayarsa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, “Kawu, duba mini wannan, amma don Allah kada Inna ta ji.”

Hoton zobe ne mai tambarin kayan awon magina da harafin G a tsakiya, sai saƙo a WhatsApp wai an karɓe shi a ƙungiyar Freemason ta duniya, gida da mota suna jiran sa, kuɗin rantsarwa kawai ya rage. Ya riga ya tura naira dubu 40 ta hannun mai POS, kuɗin riɗin da ya noma da damina. Yanzu suna neman dubu 120. Ashe tunkiyarsa ya kai kasuwa a ranar, Allah ya sa ba a yi masa tayi mai kyau ba, ya dawo da ita.

Na tambaye shi wa ya ce masa ana samun arziki ta nan. Ya ɗago ya dube ni. “Kawu, ai kowa ya sani. Ba ku ne kuke cewa Alhajin nan mai gidan bene ƙungiya ya shiga ba?”

Maganar nan ta hana ni barci, domin gaskiya ya faɗa. A majalisunmu na ƙauye, da zarar mutum ya kafa injin casar shinkafa ko ya sayi tirela, sai a fara raɗa: kuɗin asiri ne, ya ba da jini, ya shiga ƙungiya. Ba mai tuna shekarun da ya yi yana kwana kan buhuna a Dawanau. Yaran da ke zuba mana shayi suna ji. Abin da suke ɗauka shi ne akwai wata ƙofa da ake bi a yi kuɗi dare ɗaya, matsorata ne kawai ba sa shiga. Ɗan damfara da ke zaune a wani birni bai sha wahalar komai ba, mun riga mun yi masa sharar gona, shuka kawai ya zo yi.

Ita ƙungiyar ta ainihi tana nan, ba tatsuniya ba ce. A Landan aka kafa babban zaurenta na farko a 1717, Turawa kuma suka kawo ta Legas tun ƙarni na 19. Amma ba ta farautar mutane ta waya. Mai so shi ke nema, 'yan ciki su gabatar da shi, a bincike shi, a kaɗa masa ƙuri'a. Kuma shi zai riƙa biyan kuɗin shekara daga aljihunsa, ba wanda zai ba shi mota. Illuminati kuwa, wata ƙungiyar asiri da ake yawan haɗa ta da Freemason, Adam Weishaupt ne ya kafa ta a Bavariya ta ƙasar Jamus a 1776, hukuma ta haramta ta kafin ta cika shekara 10. Duk mai sayar da fom ɗinta yau, iska yake sayarwa.

Ko da Freemason ta ainihin ce ta buɗe masa ƙofa, ba zan yarda ɗana ya shiga ba. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yi hukunci a kanta tun 1978, ta ce ba ta halatta ga Musulmi ba. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma, a sashe na 38, ya ce 'yancin addini bai ba kowa damar kafa ko shiga ƙungiyar asiri ba, wasu sassan kuma sun hana ɗan irin wannan ƙungiya tsayawa takara. Masu kare Freemason suna cewa su ba ƙungiyar asiri ba ne, zumunci da taimakon mabuƙata suke yi. To, a bar musu hujjarsu. Ni abin da ya tsaya mini a wuya shi ne rantsuwa. Yaya mutum zai rantse zai riƙe sirri tun kafin a nuna masa sirrin? Ko saniya ba a saye a cikin ruwa, balle alƙawarin da za a tambaye ka a kansa gobe ƙiyama.

Na san wani zai ce ai matsafa suna nan, ana tsintar gawarwaki an yanke musu sassa. Haka ne, kuma wannan ya ƙara nauyin maganata. Yaron da ya yarda arziki yana bayan wata ƙofa ta ɓoye, in ɗan damfara ya ci kuɗinsa yau, gobe boka zai nema, boka kuwa ba a dubu 40 yake tsayawa ba.

Da muka ƙara zantawa na gane ba mota ce kaɗai ta ja shi ba. Cewa ya yi sun kira shi “ɗan'uwa”, sun ce duk ƙasar da ya sauka akwai mai tarbarsa. Yaro mai shekara 22, maraya, ya gama sakandare ba aiki, abin da yake nema shi ne wanda zai tsaya masa. Abin takaicin, muna da irin wannan zumunci a gida. Ɗan Tijjaniyya daga Ringim zai sauka Kaulaha a Senegal a ba shi tabarma da abinci, ba a taɓa ganin sa ba. Ɗan Ƙadiriyya haka. Zawiyoyin nan ƙofarsu a buɗe take, wuridinsu a rubuce, kowa na iya karantawa kafin ya karɓa. Amma mu manyansa ba wanda ya taɓa kama hannunsa ya kai shi ko'ina, ko wurin ibada ko wurin sana'a.

Washegari muka kira lambar tare. Da suka ji muryar babba, sai suka kashe, suka toshe mu. Dubu 40 ta tafi. Na kai shi wurin wani aminina mai sayen riɗi da zoɓo a Gumel, yanzu shi ke riƙe masa sikeli ranar kasuwa. Tunkiyar ta haifi biyu. Innarsa har yau ba ta san abin da ya faru ba.