Tarukan fasahar jami'o'i: babban zaure na masu sayarwa ne, gaskiya tana ƙananan ɗakuna

Kowace shekara dubban ma'aikatan jami'o'i kan yi tururuwa zuwa manyan tarukan fasahar ilimi. A Amurka akwai taron ƙungiyar EDUCAUSE, wadda aka kafa a 1998, inda shugabannin sashen kwamfuta na jami'o'i ke haɗuwa. A Landan ana baje kolin Bett tun 1985, a Berlin akwai Online Educa, ga kuma eLearning Africa da ke zagaya biranen Afirka tun 2006. Wanda ya duba jadawalin waɗannan taruka a shekarun baya-bayan nan zai ga magana ɗaya ta cinye kusan komai, wato ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, da wuya a buɗe taro ba da ita ba.

Ba ni da ja a kan muhimmancinta. Abin da ke damuna shi ne yadda aka raba wuraren magana. Babban zaure, mai fitilu da manyan allunan majigi, ana ba da shi ga abin da zai zo gobe, kuma sau da yawa mai maganar ko dai kamfani ne da ya ɗauki nauyin taron, ko shugaban jami'ar da ya gama sa hannu da kamfanin. Abin da aka gwada shekara biyar da suka wuce kuwa, ko ya yi aiki ko bai yi ba, sai ka neme shi a wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, da la'asar, bayan rabin jama'a sun kama hanyar filin jirgi. Wani lokacin ma babu shi a jadawalin gaba ɗaya.

A tuna da 2012. A shekarar da ta gabace ta, malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, sun buɗe wa duniya kwas ɗinsu na jami'ar Stanford kyauta ta intanet, mutum kusan 160,000 suka yi rajista. Nan da nan dandalolin koyarwa ta intanet irin su Udacity da Coursera da edX suka bayyana, jaridar New York Times ta laƙaba wa 2012 shekarar waɗannan kwasa-kwasai na kowa-da-kowa da ake kira MOOC. Mujallar Wired ta ruwaito Thrun yana hasashen cewa nan da shekara 50 cibiyoyi goma kacal za su rage suna ba da ilimi mai zurfi a duniya. Shugabannin jami'o'i suka koma gida daga taruka cikin fargabar kada a bar su a baya.

Me ya biyo baya? A 2013 jami'ar San Jose State ta gwada koyar da wasu darussa tare da Udacity, cikin watanni kaɗan ta dakatar, domin fiye da rabin ɗaliban sun faɗi. A 2019 wani bincike da aka buga a mujallar Science ya duba kwasa-kwasan jami'o'in Harvard da MIT a dandalin edX, ya gano cewa kashi 3 cikin 100 ko ɗan sama da haka ne ke kammalawa, kuma akasarin masu shiga daga ƙasashe masu arziki suke. Su talakawan da aka ce don su aka gina abin, ba su ne suka cika ajin ba. A 2021 Harvard da MIT suka sayar da edX ga kamfanin 2U a kan dala miliyan 800, a Yulin 2024 shi kansa 2U ya garzaya kotu neman kariya daga masu bin sa bashi. Kwasa-kwasan ba su mutu ba, miliyoyin mutane na amfana da su har yau, musamman ma'aikata masu digiri da ke son ƙara wata ƙwarewa. Amma jami'o'i suna nan daram, kuma babu wanda ya hau babban zaure ya ce ga abin da muka faɗa muku a 2012, ga inda muka yi kuskure. Hausawa sun ce daga na gaba ake gane zurfin ruwa. To ta yaya na baya zai gane, in na gaban ya fito ya canza riga ya ci gaba da tallar sabon kogi?

Wannan ba ƙorafina ni kaɗai ba ne. Rahoton UNESCO na sa ido kan ilimi a duniya na 2023, wanda ya mayar da hankali kan fasaha, ya faɗi a fili cewa ƙwararan hujjoji kan amfanin fasaha a koyarwa ba su da yawa, kuma da dama daga cikin waɗanda ake da su daga hannun masu sayar da kayan suka fito. Ya ƙara da cewa kayayyakin fasahar ilimi kan sauya kusan kowane wata 36. Kafin mai bincike ya gama auna abu, an riga an fito da wani.

Yanzu kuma ga shi ana maimaitawa da manhajojin da aka ce suna gane rubutun da na'ura ta yi. Malamai sun firgita da satar amsa, kasuwa kuwa ta amsa musu da sauri. Turnitin, kamfanin da jami'o'i ke tura wa rubutun ɗalibai don gano satar amsa, ya kunna nasa ma'aunin a Afrilun 2023. A Yulin 2023 kamfanin OpenAI, wanda shi ya ƙera ChatGPT ɗin, ya janye nasa saboda ba ya yin daidai yadda ya kamata. Masu bincike a Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji guda bakwai a kan rubuce-rubucen ɗaliban da Ingilishi ba harshensu na haihuwa ba ne, sai manhajojin suka ɗora wa na'ura kusan kashi 61 cikin 100 na abin da mutane suka rubuta da hannunsu. A watan Agusta jami'ar Vanderbilt ta kashe ma'aunin Turnitin, da lissafi mai sauƙi: takardu kusan 75,000 ta tura a 2022, ko da kuskuren kashi ɗaya ne tak cikin 100, ɗalibai za su iya shan zargi a kan takardu 750 ba da laifinsu ba. Wannan lissafin ya fi min jawabin buɗe taro goma amfani. Ɗalibin da aka kira gaban kwamitin ladabtarwa a kan aikin da ya kwana yana yi, ba ya cikin hotunan da ake nunawa a rumfar kamfani.

Kuma tambayar da ke ƙarƙashin wannan duka ta malamai ce, manhaja ba za ta amsa ta ba: me muke so mu tabbatar ɗalibi ya iya, kuma ta wace hanya? Komawa jarrabawar baka, ko rubutu a cikin aji, ko bin aikin ɗalibi mataki-mataki, duk suna cin lokacin malami. Lokacin malami kuwa kuɗi ne, kuma ba shi da rumfa a wurin baje koli.

Sai batun da ma'aikatan kwamfuta suka fi kwana da shi a rai, tsaron bayanai. A jerin manyan matsaloli goma da EDUCAUSE ke fitarwa duk shekara, shi ne ya riƙe matsayi na ɗaya shekaru da dama a jere tun daga 2016. Dalilin a bayyane yake. A Disamban 2019 masu kutse sun kulle kwamfutocin jami'ar Maastricht da ke Holan, sai da ta biya fansar kusan yuro 200,000. A 2020 jami'ar California da ke San Francisco ta biya dala miliyan 1.14. Kwalejin Lincoln da ke jihar Illinois ta rufe ƙofa baki ɗaya a 2022 bayan shekara 157, ta ce annobar korona da harin masu kutse ne suka durƙusar da ita. Maastricht ta yi abin a yaba: ta shirya taro ta bayyana wa sauran jami'o'i yadda aka shige ta. Irin wannan zaman ne ya cancanci babban zaure.

Za a ce ina yi wa tarukan rashin adalci, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Hayar zaure da kayan sauti ba kyauta ba ne, in babu kamfanoni kuɗin rajista zai gagari ƙananan jami'o'i. Haɗuwar ma'aikatan nan da juna ta haifar da abubuwa masu kyau, kamar eduroam, tsarin da ya taso a Turai a farkon shekarun 2000, wanda ke ba ɗalibi damar hawa intanet ɗin wata jami'a da kalmar sirrin jami'arsa. A 2020 da aka rufe makarantu, jami'o'in da suka riga suka saba da manhajojin koyarwa ta intanet irin su Moodle ko Canvas ko Blackboard sun fi samun sauƙi, kuma da yawa a irin waɗannan taruka suka koya. Ban ce a daina zuwa ba. Na ce wanda ya biya kuɗin zauren bai kamata ya zama shi ne ke zaɓar abin da jami'o'i za su ɗauka a matsayin matsalarsu ba.

Ko labaran nasarar ma gutsure su ake yi. Ana yawan kafa misali da jami'ar Georgia State, wadda tun 2012 take amfani da bayanan ɗalibai wajen gano wanda ke shirin faɗuwa ta hanyar alamomi kusan 800, kuma yawan masu kammala karatu ya ƙaru. Gaskiya ne. Abin da mai tallar manhaja kan wuce da sauri shi ne jami'ar ta ɗauki ƙarin mashawarta 42, mutane masu jini a jika da ke kiran ɗalibi su zauna da shi. Jami'ar da ta sayi manhajar ba ta ɗauki mutanen ba, ta sayi ƙararrawa ce kawai da za ta yi ta kaɗawa babu mai tashi.

Akwai kuma kwangila, wadda kusan ba a tattauna ta a bainar jama'a. Shekaru da yawa Google yana ba makarantu wurin ajiyar bayanai mara iyaka kyauta, a 2021 ya sanar da cewa ya ƙare, jami'o'in da suka jibge komai a can suka shiga neman abin gogewa ko kuɗin biya. Yau ana sa hannu a sababbin yarjejeniyoyi: jami'ar Arizona State ta ƙulla da OpenAI a Janairun 2024, tsarin jami'o'in California State ya biyo baya a Fabrairun 2025 da ɗalibai sama da 460,000. Ina so in ga zaman taro da ake fito da irin waɗannan takardu a karanta sharuɗɗansu: nawa ne a shekarar farko, nawa ne a ta huɗu, wa ke da mallakar abin da ɗalibi ya rubuta a ciki, kuma in jami'a ta ce ta fasa, ta wace ƙofa za ta fita da bayananta.

Masu shirya taro za su iya yin abu biyu ba tare da sun kori ko kamfani ɗaya ba. Duk wanda ya gabatar da sabon tsari a babban zaure, a sa masa sharaɗin dawowa bayan shekara uku da alƙaluma, mai kyau da mara kyau. Sannan a rubuta a jadawali, kusa da sunan kowane mai jawabi, wanda ya biya masa kuɗin jirgi da masauki, kamar yadda tarukan likitoci ke tilasta wa mai magana ya bayyana alaƙarsa da kamfanonin magani kafin ya buɗe baki.