Kun kumbura inji, kun bar giya tana cin wuya

Wannan ɗabi'a ta masu zuba wa motoci fayil, wato sabuwar manhajar da ake sa wa kwamfutar inji don ƙara masa ƙarfi, ta isa haka nan. Mutum ya kai Golf GTI ko BMW ɗinsa gareji, a jona kwamfuta, kafin awa guda a ce masa an ƙara wa inji dawaki, wato ƙarfi, a karɓe kuɗi. Giyabos kuwa ko kallonsa ba a yi ba. Bayan 'yan watanni giya ta fara zamewa, sai a ce ai dama 'yar Beljiyam ce, da ciwonta ta zo. Ƙarya ne. Rabin aiki aka yi, aka caji kuɗin cikakke.

Kowane giyabos na otomatik yana da iyakar ƙarfin murɗawar da aka tsara masa. Giyabos ɗin DSG na Volkswagen mai giya shida, DQ250, an tsara shi a kan Nm 350 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa), kuma injin GTI ta bakwai 350 ɗin yake bayarwa tun daga kamfani. Fayil ɗin matakin farko kaɗai yana haura da shi sama da 400. DQ200 mai busasshen kulochi iyakarsa 250. 8HP45 na kamfanin ZF, irin wanda ke cikin BMW, kuwa sunansa ma ya faɗa, 450. Ƙarfen DQ250 yana iya ɗaukar fiye da haka, amma sai an gaya wa kwamfutarsa.

A nan ake ha'incin. Kwamfutar inji kullum tana sanar da ta giya ƙarfin da take fitarwa, kuma da wannan adadi giya take yanke yawan matsin man da za ta danne kulochi. In adadin ya wuce iyaka, sai ta umarci inji ya sassauta. To shi malam mai kwamfuta, maimakon ya gyara ɓangaren giya, sai ya koya wa inji ƙarya: yana ba da 430, yana cewa 350. Giya ta yarda, ta danne kulochi daidai 350. Sauran tamanin ɗin ina za su? Zamewa suke zama. Faranti su goge juna, zafi ya tashi, mai ya ƙone ya yi baƙi, garin kulochi ya bi mai ya toshe bawul-bawul ɗin mekatironik, wato na'urar da ke sarrafa giya. Alamar ba ta ɓuya: a giya ta huɗu ko ta biyar ka taka totur, allurar juyin inji ta yi tsalle, gudun mota bai ƙaru ba. Wanda ya ga haka ya ci gaba da takawa, kulochinsa yake ƙonawa.

Sai kuma masu son giya ta riƙa bugu, wai shi ne sauri. Kamfani ya sa inji ya ɗan ja wuta baya a daidai lokacin sauya giya, don kulochi ya kama ba tare da an fizge shi ba. Su sai su cire wannan gaba ɗaya. Tsofaffin motocin Amurka masu giyabos 4L60E sun sha irin wannan: a faɗaɗa ramukan farantin bawul fiye da kima, a sa sifirin masu tauri, mota ta riƙa harbi daga ta ɗaya zuwa ta biyu har direba ya ji a ƙugunsa. Ƙwaryar ƙarfen da ke cikin giyar ta tsage, ribas ya tafi, kulochin ta uku da ta huɗu, wanda dama shi ne mai rauni, ya bi baya. Giya mai kyau kamawa take da sauri, ba mari ba.

Alhali tsarin aikin ba ɓoyayye ba ne. Kafin a taɓa inji, a karanta kurakuran giya da lambobin da ta koya game da cinyewar kulochi. In kulochi ya riga ya cinye, babu fayil ɗin da zai dawo da shi. A sauya mai: DQ250 kowane kilomita 60,000, da matatarsa, lita biyar da ɗan wani abu, a duba cikarsa man yana tsakanin digiri 35 da 45. Na ZF matatar a jikin kaskon ƙasa take, tare ake sauya su, kuma a manta da zancen wai mansa na har abada ne, ZF ɗin da kansa ya ce a sauya. Kuma don Allah ba jan man bakin titi ba, kowane giyabos da nasa. Daga nan a ɗaga iyakar ƙarfi a kwamfutar giya, a ƙara matsin kulochi, a gyara inda take sauyawa don kada ta tsallaka zuwa ta shida inji yana juyi ƙasa-ƙasa tabo (turbo) na cika shi da iska. Inji ya faɗi gaskiyar ƙarfinsa. A sake koya wa giya inda kulochi ke kamawa, a fita titi da kwamfuta a jone, a auna zamewa da zafin mai.

Zafin ma wani abin haushi ne. Fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet an rubuta shi ne don sanyin Jamus da fetur mai lambar inganci 98. A zuba shi a motar da za ta tsaya a cunkoson Kano cikin Afrilu, rana ta haura digiri 40, da fetur ɗin da bai kai wancan ba. Inji ya riƙa ƙwanƙwasa yana janye wuta, ƙarfi na hawa da sauka, giya na lalube. Man giya da ya daɗe sama da digiri 120 ya gama yawo, amma ba wanda zai ce maka ka ƙara masa lagireton sanyaya mai.

In ka tambayi mai fayil adadin da inji ke gaya wa giya, sai ya hau kame-kame. In ka ce ya nuna maka awon zamewar kulochi, ya ce ai ba a buƙata. Ranar da mota ta maƙale a giya ɗaya fitila na ƙiftawa, wayarsa a kashe take, kai kuma kana kasuwar kayan gyara kana cinikin mekatironik na hannu.