HBO ta yi gaggawar soke The Franchise

Labarin cewa tashar talabijin ta Amurka HBO ta soke The Franchise, shirin barkwanci da ke yi wa masu shirya fina-finan jarumai masu ƙarfi na musamman ba'a, a Janairun 2025, bayan zango ɗaya tak mai kashi 8, bai yi mini daɗi ba. Shirin da aka fara haskawa a Oktoban 2024, yaushe ma ya samu sararin kafuwa?

Abin da ya ja ni gare shi, ya fi karkata ga ma'aikatan bayan fage. Himesh Patel ya fito a Daniel, mataimakin darakta, wanda duk kwamacalar da aka tafka a kansa take ƙarewa. Ga darakta mai jin kansa gwani (Daniel Brühl, da ya fito a daraktan, ya iya rainin hankali a nan, wallahi), ga manyan kamfani suna sauya labari dare ɗaya, ga 'yan wasa biyu kowa na ƙyashin ɗan uwansa, ga masu haɗa hoto a kwamfuta an hana su barci. Duk wannan wahala a kan fim ɗin da suke shiryawa a cikin labarin, na Tecto, jarumi mai haddasa girgizar ƙasa.

Masu cewa barkwancin na 'yan cikin gida ne suna da gaskiya, wani habaicin sai wanda ya san harkar. Amma Armando Iannucci, da ke cikin furodusoshinsa, ai HBO ɗin nan ta bar Veep, shirin barkwancin siyasa da ya ƙirƙira, har zango 7. Kuma kar a manta, a lokacin HBO da DC, mai jarumai irin su Batman da Superman, duk na kamfanin Warner Bros. Discovery ne, wato masu gidan ake yi wa ba'a da kuɗinsu. Ni dai zan so jin me shugabannin suka ce da suka kalli kashin farko.